Gashin sankara da sojojin jini: me saurin haske yake yi wa garkuwar jiki?

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan Zango, Damagaram

 

Maganar yau ta shafi wani magani wanda yawancin mutanen Damagaram ba su taɓa ganin na'urarsa ba, amma kowane gida yana iya wayar gari ya ji likita ya rubuta wa wani nasa shi: gashin sankara da haske mai ratsa jiki. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kusan mutum 10,000 suka kamu da sankara a Nijar, kuma a wajen mata sankarar mama da ta bakin mahaifa ne a kan gaba. Masana sun yi ittifaƙi cewa kimanin rabin masu wannan ciwo suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Duk da haka sai a watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar nan, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato AIEA. Kafin wannan lokaci, mai hali ko mai hanya a ofis shi ake fitarwa waje. Talaka kuwa ya koma gida ya jira ikon Allah.

Tun da maganin ya iso, ya kamata a san shi ciki da waje. Wannan jawabi zai tsaya a kan tambaya guda: idan aka haska ƙari, me yake faruwa da ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yawo cikin jini, kuma ina ruwan saurin hasken da wannan?

Sojojin da ke cikin jini

Babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. Cikinsa akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga sassan jiki, akwai kuma farare masu tsaro. Cikin fararen nan akwai wani rukuni da likitoci ke kira limfosit, waɗanda su ne kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na fararen ƙwayoyin. Mai lafiya yana da tsakanin 1,000 da 4,000 nasu a kowace mikrolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Su ne suke gane ƙwayar cuta, su riƙe kamanninta don gaba, kuma wasunsu suna farautar ƙwayoyin sankara su kashe. Wanda ya taɓa raka mai ciwon sida asibiti ya ji ana maganar CD4. To, CD4 wani reshe ne na waɗannan sojoji. Ɗan kaɗan nasu ne, wajen kashi 2 cikin 100, suke cikin jini a kowane lokaci. Sauran suna cikin saifa, da kaluluwa, da ɓargo, da bangon hanji, suna shiga jini suna fita kamar fatake tsakanin zango da zango.

Abin mamaki shi ne, waɗannan sojoji suna cikin ƙwayoyin da suka fi kowa rauni a gaban haske. Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, kuma ba a cika shekara goma ba sai wani likitan birnin Laifzig mai suna Heineke ya lura cewa saifa da kaluluwar dabbobin da aka haska suna lalacewa cikin sa'o'i kaɗan. A 1906 Bergonié da Tribondeau a Faransa suka kafa ƙa'idar cewa ƙwayar da ta fi yawan rabuwa ita haske ya fi yi wa ɓarna, kuma a kan wannan ƙa'ida gashi ya tsaya, domin ƙwayar sankara rabuwa take yi ba hutu. Limfosit ta saɓa wa ƙa'idar: ko ba ta cikin rabuwa, da haske ya taɓa ta sai ta kashe kanta. Saboda wannan rauni ne, bayan hatsarin Carnobil na 1986, ƙidayar limfosit ta kasance cikin abubuwan da likitoci suka duba don su gane yawan hasken da ya ratsa kowane ma'aikaci.

Jimla, rabo da sauri

Ana auna hasken da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira gire, daga sunan masanin Ingila Louis Harold Gray. Likitan gashi yana da abu uku a hannunsa. Na farko jimla: gire nawa za a ba ƙarin gaba ɗaya, galibi tsakanin 45 da 70. Na biyu rabo: zama nawa za a raba jimlar. Tun aikin Regaud da Coutard a Cibiyar Radiyom ta Paris a shekarun 1920 da 1930 aka saba da gire 2 a kowace rana, kwana biyar a mako, domin lafiyayyen nama ya samu damar gyara kansa tsakanin zama da zama. Na uku sauri: gire nawa na'ura take zubarwa cikin minti ɗaya. Na'urorin da aka saba da su suna ba da gire ɗaya zuwa shida a minti, wasu sababbi na lantarki suna wuce 20.

A gwada waɗannan lambobi da ƙarfin limfosit. Gire ɗaya zuwa biyu ya isa ya kashe rabin limfosit ɗin da ya samu. Ke nan abin da ake ba ƙari a rana guda tak ya isa ya karya wajen rabin sojojin da suka sha shi gaba ɗaya.

Jini ba ya tsayawa

Nan ne maganar sauri ta shigo. Ƙari yana zaune wuri ɗaya, jini kuwa ba ya tsayawa. Zuciya tana tura kusan lita 5 a minti, wato kusan dukkan jinin jiki yana zagayawa sau ɗaya cikin minti guda. A ɗauki misalin ƙofar kasuwar Dole ranar cinkoso. A ce wani yana kan soro da tulun baba, an umurce shi ya juye shi duka a bakin ƙofa. Idan ya juye tulun a tashi ɗaya, mutum biyu ko uku da suke wurin za su rine daga kai har ƙafa, sauran ƴan kasuwa su wuce da fararen rigunansu. Idan ya yi ta yayyafawa na minti biyar, babu wanda zai jiƙe sharkaf, amma ɗaruruwa za su koma gida da tabo. Baban da ya sauka a bakin ƙofa ɗaya ne a duka biyun. Da a ce tabo kaɗan ba ya ɓata riga, da yayyafi ya fi; to amma limfosit farar riga ce, ɗigo kaɗan ya ishe ta.

Akwai shaidu a kan haka tun da daɗewa. A shekarun 1960, Cronkite da abokan aikinsa a Amurka sun riƙa fitar da jinin maruƙa ta cikin roba, su haska shi a waje, su mayar da shi jiki. Hasken bai taɓa saifa ko ɓargo ba, amma limfosit suka ragu ƙwarai. A 1978 MacLennan da Kay a Ingila suka duba yara masu sankarar jini waɗanda aka haska wa kai da jimla ɗaya, gire 24, amma aka raba ta zama daban-daban. Suka tarar cewa gwargwadon yawan zama, gwargwadon faɗuwar limfosit. Kowace rana sabon ayari ne yake bi ta ƙofar.

A 2013 wasu likitocin jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ƙarƙashin Yovino da Grossman, suka yi lissafin abin da ke samun jinin mai ƙarin ƙwaƙwalwa da ake ba gire 60 cikin zama 30. A zama ɗaya, kashi 5 cikin 100 kawai na jinin ne yake shan rabin gire ko fiye. Amma ɗan abin da sauran jinin ya sha yau yana haɗuwa da na gobe da na jibi, ta yadda a ƙarshen zama 30 kashi 99 cikin 100 na jinin ya kai wannan mizani. Shekara biyu kafin nan, a 2011, Grossman ya bi masu irin wannan ciwo su 96 da ake yi wa gashi tare da magungunan sha. Bayan wata biyu, kashi 40 cikin 100 nasu CD4 ɗinsu ya faɗi ƙasa da 200, wato iyakar da ake cewa mai ƙwayar cutar sida ya shiga hatsari. Matsakaicin rayuwar waɗannan bayan fara jinya ya kasance wata 13, na sauran kuwa kusan wata 20. An ga irin wannan alaƙa a sankarar huhu, da maƙoshi, da wasu. Alaƙa dai ba ita kaɗai ce hujja ba, domin wanda ƙarinsa ya fi girma shi ake haska wa wuri mai faɗi, kuma shi ne dama ya fi shiga hatsari. Duk da haka ta isa ta sa likitoci suka fara kallon jini a matsayin gaɓar da ya kamata a kare, kamar yadda ake kare ido ko laka.

Wace hanya ce ta fi kare shi? Lissafin 2013 ya nuna cewa idan zama ya kai 30, sauya saurin na'ura a cikin iyakar da aka saba ba ya canja sakamako sosai, domin wanda ya tsira yau gobe za a same shi. Abin da ya fi tasiri shi ne faɗin wurin da ake haskawa. Rage yawan zama shi ma yana da ƙarfi: a 2016, a wannan jami'a dai, aka gwada masu sankarar gaɓar da ke bayan tumbi wadda likitoci ke kira pankireyas. Cikin waɗanda aka yi wa gashin makonni, wajen 72 cikin 100 limfosit ɗinsu sun faɗi mummunar faɗuwa bayan wata ɗaya. Cikin waɗanda aka yi wa zama biyar a matsattsen wuri, wajen 14 cikin 100 ne kawai. Tsarin ke nan: faɗin wuri da yawan zama su ne manya, sauri kuwa yana samun nauyi ne idan zaman ya zama kaɗan.

Gashin walƙiya

A 2014 Vincent Favaudon da abokan aikinsa na Cibiyar Curie a Faransa suka buga wani sakamako da ya girgiza masana. Sun haska huhun ɓeraye da gudun gire 40 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wato gire 2,400 a minti, abin da ya ninka saurin da aka saba sau ɗaruruwa. Ƙari ya mutu kamar yadda yake mutuwa da gashin yau da kullum, amma lafiyayyen huhu bai yi tabon da aka saba gani ba. Suka raɗa wa hanyar suna FLASH, wato walƙiya. A 2018 a asibitin jami'ar Lozan da ke Suwis aka gwada ta a kan mutum na farko, dattijo ɗan shekara 75 mai sankarar fata: gire 15 cikin kashi 90 cikin dubu na daƙiƙa, ƙasa da ƙiftawar ido. Bayan haka aka gwada ta a Sinsinati ta Amurka a kan mutum 10 waɗanda sankara ta kai wa ƙashi, aka buga sakamakon a 2022.

Wannan shi ne juye tulu a tashi ɗaya. A 2020 Jin da abokan aikinsa suka yi lissafi da kwamfuta suka ce, idan aka ba da babban ma'auni a zama guda, saurin da aka saba zai iya kashe kashi 90 ko fiye cikin 100 na ƙwayoyin garkuwar da ke cikin jini, walƙiya kuwa kashi 5 zuwa 10 kawai. Lissafin kuma ya nuna cewa ribar tana raguwa ƙwarai idan ma'aunin kowane zama ƙarami ne, irin gire 2 ɗin da aka saba. Sai dai lissafi daban, jiki daban. A 2019 masu bincike na cibiyar MD Anderson a Amurka sun haska zuciya da saifar ɓeraye da gudun gire 35 a daƙiƙa, kuma limfosit ba su tsira ba. Dalili ɗaya a fili yake: sojan da ke zaune cikin saifa ko ɓargo ba ya wucewa ta ƙofa, a cikin ƙofar yake kwana, saboda haka sauri ba ya cetonsa. Gashin walƙiya yana matakin gwaji ne, bai zama maganin yau da kullum ba ko a Turai. Duk wanda ya zo Zango yana tallar sa a matsayin abin da kuɗi ke saye, aljihun mutane yake nema.

Kobalt mai tsufa

Inda maganar sauri ta shafi Nijar kai tsaye wani wuri ne daban. Na'urar da aka fara gashi da ita a Yamai irin mai aiki da kobalt-60 ce, wadda aka fara jinyar mutane da irinta a Kanada a 1951. A cikin kanta akwai ɗan guntun ƙarfe da bai wuce kan babban yatsa ba, yana fitar da haske dare da rana. Amfaninta ga ƙasa irin wannan a bayyane yake: ba ta da saurin lalacewa, kuma ba ta bukatar wutar lantarki mai ƙarfi da tsayayye kamar na'urorin zamani. Aibinta shi ne ƙarfen yana tsufa. Kowane wata yana rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa, bayan shekara 5 da wata 3 ya koma rabi, bayan shekara 10 da rabi ya koma kwata. Haskawar da take ɗaukar minti ɗaya da sabon ƙarfe za ta ɗauki minti biyu, daga baya huɗu.

A fahimta da kyau: tsohon ƙarfe ba ya rage wa majinyaci jimlar maganinsa, domin masanin na'ura yana sake lissafin lokaci kowane wata. Abin da yake ƙaruwa shi ne tsawon haskawa. Jini mai yawa zai ratsa wurin a kowane zama, majinyaci zai fi samun damar motsawa, layin masu jira kuma ya ƙara tsawo. Haka kuma hanyar rage yawan zama tana bukatar babban ma'auni a kowace rana, abin da ke wuya ga ƙarfen da ya gaji. Shi ya sa ƙa'idar aiki ita ce a canja shi bayan shekara biyar zuwa bakwai, kuma kuɗin canjin ya kamata a gan shi cikin kasafi tun kafin lokacin ya zo.

Akwai abin lura a nan. Kobalt-60 ba a haƙo shi daga ƙasa. Ana yin sa ne cikin tukwanen nukiliya a ƙasashe irin su Kanada da Rasha, tukwanen da yuraniyom ke hura wa wuta. Arlit ta fara fitar da yuraniyom a 1971, Akuta a 1978. Mahaƙar kamfanin COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, a cikin watan da aka buɗe ɗakin gashi na farko a Yamai. Shekara hamsin ƙasar nan ta yi tana haska biranen wasu kafin ta iya haska ƙarin ƴarta guda. Ba a bukatar jam'iyya kafin a ga rashin dacewar wannan.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga majinyaci da danginsa, kada maganar faɗuwar limfosit ta sa wani ya guje wa gashi. Limfosit suna dawowa a hankali cikin watanni, wani lokaci fiye da shekara. Sankarar da aka bari kuwa ba ta ja da baya. Wanda aka haska daga waje ba ya ɗauke da haske a jikinsa, yana iya rungumar jikokinsa ya ci tuwo da iyalinsa. Kada a tsinke zama don a koma gida biki ko ciniki: a sankarar bakin mahaifa ana son a gama jinya duka cikin mako takwas, kuma kowace ranar da aka ƙara tana rage damar warkewa. A nemi a riƙa awon jinin da ake rubutawa NFS a takardar likita, kafin gashi da lokacinsa da bayansa, musamman ga matan da ake haska wa ƙugu, domin babban kaso na ɓargon da ke yin jini a ƙashin ƙugu yake. Mai tarin fuka, ko sida, ko ciwon hanta, ya faɗa wa likita tun farko. Idan zazzaɓi ya taso a tsakiyar jinya, asibiti za a nufa a ranar, ba teburin mai magani na bakin kasuwa ba. Kuma babu laifi a tambayi likita cikin ladabi ko ciwon yana cikin waɗanda za a iya gajarta zamansu. A sankarar mama, gwaje-gwajen Ingila sun nuna cewa gire 40 cikin zama 15 yana aikin gire 50 cikin zama 25, kuma a 2020 an nuna cewa ga wasu matan gire 26 cikin zama biyar ya wadatar. Ga matar Damagaram da za ta bar ƴaƴanta ta yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa Yamai, bambancin mako ɗaya da mako biyar bambanci ne na kuɗin masauki, da abinci, da jarin mijin da ya rufe rumfa ya raka ta.

Ga hukuma kuwa, lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 5,000 suna bukatar gashi a shekara, na'ura ɗaya kuma ƙarfinta bai wuce majinyata wajen 500 ba, ƙasar tana bukatar na'urori kamar goma. A 2007 aka fitar da dokar da ta mayar da jinyar sankarar mata kyauta, amma doka ba ta biyan kuɗin mota. A watan Fabrairu na 2022 AIEA ta ƙaddamar da wani shiri a Adis Ababa don yaɗa gashi a ƙasashe matalauta, kuma Nijar tana cikin ƙasashe bakwai na farko da aka zaɓa. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, da mutum sama da miliyan uku da rabi. Tana da babban asibitin ƙasa, tana da jami'a mai horar da likitoci. Birnin da ya riƙe mulkin ƙasar nan har zuwa 1926 yana da hujjar neman ɗakin gashi nasa, domin mutanen Gure, da Tanut, da Magarya, da Difa su daina zaɓi tsakanin doguwar hanyar Yamai da tsallakawa zuwa Zariya ko Sakkwato.

Kafin wannan ya samu, akwai tambayoyin da kowane ɗan ƙasa yake da haƙƙin yi: shekarar ƙarfen kobalt nawa, an ware kuɗin canja shi, masana na'ura nawa aka horar, kwana nawa majinyaci yake jira kafin a fara masa gashi? Ma'aikatan da ke rubuta kasafi sun san inda amsoshin suke. Alhazan Zango da suka gina masallatai suka haƙa rijiyoyi suna iya haɗa hannu su kama gida a Yamai inda majinyatan Damagaram za su sauka kyauta, kamar yadda kakanninsu suka saukar da fatake a wannan unguwa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.